Tsabtace ruwan rini da haidirojel

Tsabtace ruwan rini da haidirojel wata hanya ce ta cire launi mai guba daga dagwalon ruwan masana'antu kafin a sake shi zuwa kogi. Haidirojel abu ne mai danƙo kamar jiƙaƙƙen ƙaro, yana shan ruwa ya kumbura ba tare da ya narke ba. Irinsa ne ake sa wa a cikin famfas ɗin jarirai.

Tarihi

A shekarar 1856 William Perkin ya haɗa rinin roba na farko a Ingila, daga nan rinin sinadari ya fara maye gurbin na tsirrai irin su baba. A 1960 kuma Otto Wichterle da Drahoslav Lím, masana daga birnin Prague, suka wallafa aikinsu kan haidirojel na roba.

Yadda yake aiki

Ana haɗa haidirojel da sitaci, ƙaro, ɓawon jatan lande ko ciyawar teku. Sai a cusa masa ƙwayoyin nano, waɗanda girmansu bai wuce nanomita 100 ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Idan ruwa ya ratsa shi, rinin yakan manne a jikinsa. Ƙwayoyin taitaniyam da zinki kan wargaza rinin idan haske ya taɓa su, na baƙin ƙarfe kuma suna sa a iya janye haidirojel ɗin da mayen ƙarfe bayan an gama.

Muhimmancinsa a ƙasar Hausa

A Kano, majemu da masaƙun Sharaɗa da Challawa suna kwarara dagwalonsu zuwa Kogin Challawa, na Bompai kuma zuwa Jakara. Ruwan Challawa yana haɗuwa da Kogin Kano ya zama Kogin Haɗeja, wanda manoman rani da masunta a Jigawa suka dogara da shi. Rini yana tare hasken rana daga tsirran ruwa, wasu nau'o'insa kuma na iya haddasa ciwon daji. Jigawa na cikin jihohin da ke samar da ƙaro, ɗaya daga cikin kayan haɗin.

Ƙalubale

Yawancin aikin har yanzu yana matakin gwaji. Haɗa shi da yawa yana da tsada, haidirojel ɗin da ya cika da rini ma sai an nema masa mazubi, kuma ƙwayoyin nano da suka zube cikin ruwa su ma gurɓatawa ce.