ALLI DA ALLO A HANNUN MAI BISHARA: TAƘAITACCEN TARIHIN MALAMAN DA SUKA ZO MANA

GABATARWA

 Kwamitin shirya wannan biki na cika shekara hamsin ya roƙe ni in rubuta wani abu a kan tarihi, ya kuma bar ni in zaɓi ɓangaren da zan taɓa. Labarin ginin majami'a da jerin fastocin da suka yi kiwon wannan garke suna wasu shafuna na wannan littafi. Ni kuwa na zaɓi in yi magana a kan malaman makaranta, wato mutanen da suka bar garinsu da danginsu suka zo ƙasar nan saboda Almasihu, abin da suka riƙo a hannu kuwa shi ne alli da littafin koyon Turanci. Da yawa cikinmu da muke buɗe Littafi Mai Tsarki yau mu karanta, ko mu cika takardar neman aiki, ta hannunsu muka samu. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

FARKON ZUWA

A ranar 4 ga Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kawo bishara ƙasarmu. Kafin ƙarshen 1894 biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida, amma bai fid da zuciya ba, kuma daga wannan ƙaramin mafari mishan ta SIM ta fito, ta kafa tasharta ta farko a Patigi cikin 1902.

Ta ɓangaren mishan ta CMS kuma, ayarin Bishop Tugwell ya isa Kano cikin 1900, amma Sarki Aliyu Babba bai ba su izinin zama ba. A cikin ayarin akwai wani likita, Dokta Walter Miller, wanda ya riga ya je Tarabulus domin ya koyi Hausa a wurin Hausawan da ke can. Cikin 1905 ya samu wurin zama a birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta, sa'an nan cikin 1929 aka mai da aikin Wusasa. A makarantar nan ana koyar da karatu da rubutun Hausa, ana kuma koyar da Turanci sosai. Daga cikin 'ya'yan wannan gida aka samu Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon.

Abin lura a nan shi ne, kafin waɗannan mutane su koya wa kowa harshensu, sai da suka zauna suka koyi namu. Dokta Miller, da Dokta Andrew Stirrett na SIM wanda aka yi wa laƙabi da Bature Mai Magani, tare da wasu Turawa da Hausawa masu taimako, suka yi shekaru suna aikin fassara har aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa cikin 1932. Sun gane cewa Turanci zai buɗe wa yaro ƙofar asibiti da ofis, amma Maganar Allah da harshen uwa take shiga zuciya.

ƘOFA TA BUƊE A LARDIN SAKKWATO

Bishara ta daɗe ba ta iso wannan yanki ba. Da Turawa suka ci Sakkwato cikin Maris 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawari cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin jama'a ba, saboda haka aka yi shekaru ana hana 'yan mishan zama a ƙasashen sarakuna. Iyaye kuma da yawa sun guji makarantar boko domin tsoron kada a raba 'ya'yansu da addininsu. Bai kamata mu yi musu dariya ba, gama mu ma haka muke kishin 'ya'yanmu.

Abu biyu suka buɗe ƙofa. Na farko jirgin ƙasa ne, wanda ya bi ta Gusau ya isa Ƙaura Namoda cikin 1929, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa masu bi daga Kudu da tsakiyar ƙasa. Duk inda suka taru sai su yi rumfar sujada, rumfar nan kuma ita ce ajin yara daga Litinin zuwa Jumma'a. Na biyu kuwa aikin kutare ne. A ƙarshen shekarun 1930 gwamnati da sarakuna suka yarda SIM ta kula da asibitocin kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. A waɗannan wurare majiyyata da 'ya'yansu suka koyi karatu da rubutu, waɗansu suka karɓi Ubangiji, waɗansu kuma suka zama malamai da ma'aikatan magani da masu bishara. Mutanen da duniya ta ƙi zama kusa da su, su ne Allah ya fara ba allo a ƙasarmu.

Ba a jima ba 'yan ƙasa suka ɗauki kayan da kansu. Cikin 1948 aka kafa ƙungiyar aika masu bishara 'yan ƙasa, wadda daga baya aka san ta da suna EMS, sa'an nan ECWA ta tsaya da ƙafarta cikin 1954. Mai bisharar da aka aika ƙauye a wancan zamani manomi ne da safe, malamin yaƙi da jahilci da yamma, mai wa'azi ran Lahadi, matarsa kuma ita ce malamar mata.

ZAMANIN BAKOLORI

Mu a Talata Mafara da Bakura da Maradun, zamanin da ya sake mana fuska shi ne na ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, daga 1974 zuwa 1978. Aikin ya jawo magina da direbobi da makanikai da akawu daga kowace kusurwa ta Nijeriya, masu bi da yawa a cikinsu. Aikin nan ya zo da baƙin ciki ma, gama manoma da yawa sun rasa gonakinsu, kuma cikin Afrilu 1980 aka zub da jinin manoman da suka tashi neman hakkinsu. Muna tunawa da su, domin maƙwabtanmu ne.

A daidai wannan zamani gwamnati ta karɓi makarantun mishan, aka kafa shirin bautar ƙasa cikin 1973, aka kuma fara shirin ilimin firamare kyauta cikin 1976. Makarantu suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan, musamman na Turanci da lissafi. Waɗansu sun zaci aikin malamin mishan ya ƙare ke nan, ashe riga kawai ya sake. Samari da 'yan mata masu bi, waɗanda suka taso cikin zumuntar ɗalibai ta FCS da aka fara a Gindiri cikin 1957, suka zo a matsayin 'yan bautar ƙasa da malaman gwamnati. Albashinsu daga gwamnati yake, amma zuciyarsu ta mai bishara ce, kamar Manzo Bulus da ya riƙa ɗinkin tanti a Koranti yana kuma hidimar Ubangiji.

Ni shaida ne. Ina saurayi aka turo mana wani ɗan bautar ƙasa daga Kudu, ko sannu bai iya ba. Bayan an tashi makaranta yakan tara mu a ƙofar ɗakinsa da fitilar ƙwai, yaran masu bi da na Musulmi duka, ya koya mana Turanci ba ko kwabo. Sharaɗinsa ɗaya ne: duk kalma goma da ya ba mu, mu biya shi da kalma goma ta Hausa. Ran da ya fara jin sunan miyar kuka, sai ya tambaye mu wane ne ya sa miyar kuka, muka yi ta dariya har da hawaye, shi ma yana dariya. Kafin ya tafi yana karanta Zabura da Hausa a gaban jama'a. Bai taɓa ɓoye ko shi wane ne ba, bai kuma taɓa matsa wa ɗan kowa ba. Cikin waɗanda muka zauna a tabarmar nan akwai alhazai yau, kuma in mun haɗu a kasuwa ran Talata har yanzu da alheri suke ambatonsa. Da Turancin da ya ba ni na ci jarrabawar shiga makarantar Littafi Mai Tsarki.

Gaskiya ɗaya ce, ba dukan malamai ne suka bi wannan hanya ba. Na ga ajin da ake cin tarar yaro ko a yi masa bulala don ya yi Hausa, har yara suka fara jin kunyar harshen iyayensu. Na kuma ga wanda ya mai da darasi tarko, ya ce wa iyaye Turanci zai koyar alhali wani abu dabam yake yi a ɓoye. Ran da asirinsa ya tonu aka janye yaran, ƙofar unguwar nan kuma ta daɗe a rufe ga waɗanda suka zo bayansa.

DARASI DAGA ƘASA MAI NISA

Kada mu ce mu kaɗai ne muke aiki a gona mai tauri. Akwai wata ƙasa a gabashin duniya, a nahiyar Asiya, sunanta Tailan, inda galibin jama'a mabiya addinin Buda ne, masu bi kuwa kimanin mutum ɗaya ne cikin ɗari. Na kawo ta ne domin tarihinta ya yi kama da namu. Wani ɗan mishan daga Amurka, Daniel McGilvary, da matarsa Sophia suka isa birnin Ciyan Mai a arewacin ƙasar cikin 1867. Sai cikin 1869 suka yi wa mutum na farko baftisma, a cikin shekarar nan kuma aka kashe biyu daga cikin sababbin masu bi. Ba su gudu ba. Cikin 1878 hukuma ta ba da dokar 'yancin addini a yankin, makarantun da aka fara a wancan zamani kuwa, irin su Dara Academy da Prince Royal's College, suna nan suna koyar da yara, mafi yawansu 'ya'yan mabiya Buda. Har wa yau masu bi daga ƙasashe dabam dabam suna sa kai su tafi can su koyar da Turanci a makarantu da majami'u, domin iyaye suna so 'ya'yansu su iya shi. Wanda ya tafi da gaggawar ƙirga tubabbu yakan dawo da ɓacin rai. Wanda ya koyi harshensu, ya girmama manyansu, ya koyar da aminci, shi ne akan buɗe wa gida, can da nan duka.

YAU FA, WA ZAI TAFI?

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, mun kuma ga sauye-sauye da yawa tun daga lokacin, amma babu wanda ya taɓa makaranta kamar ta'asar 'yan bindiga. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan kwana kaɗan. Cikin Agusta na shekarar aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka sace ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun. Bayan irin wannan, wace uwa ce a Inugu ko Ibadan za ta saki ɗanta ya zo mana da farin ciki? Ba mu ga laifinta ba. Amma yaran da suka yi gudun hijira daga ƙauyuka suna nan cikin garuruwanmu, namu da na maƙwabtanmu, waɗansu sun kai shekara goma sha biyu ba su iya rubuta sunansu ba. Ice kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shekara hamsin muna karɓa, yanzu lokacin bayarwa ya yi. A cikin wannan ikilisiya akwai masu takardar NCE da masu digiri da malaman da suka yi ritaya. Ina roƙon dattawa su duba yiwuwar buɗe ajin yamma na karatu da Turanci kyauta a harabar majami'a, da rana tsaka ba da dare ba, ga kowane yaro da iyayensa suka yarda. Ina roƙon Zumuntar Mata, waɗanda ba su taɓa ba mu kunya ba, su ɗauki nauyin alli da littattafai. Ina roƙon matasa su ba Ubangiji ko da awa biyu a mako. Ɗan bautar ƙasar da ya yi ƙarfin hali ya zo kuma, kada mu bar shi ya kwana da yunwa ko ya rasa wanda zai gaya masa hanyar da ba a bi. Mu fara da gaisuwa wurin mai unguwa da hakimi, mu gaya wa iyaye gaskiyar ko mu su wane ne da abin da za mu koyar, mu kuma cika alkawarin. Ba a ce kowa ya jefa kansa cikin haɗari ba. Inda za a je da inda za a dakata, shawarar dattawa ce.

KAMMALAWA

A Ayyukan Manzanni sura 8 mun karanta labarin mutumin Habasha wanda yake riƙe da littafin Annabi Ishaya amma yana bukatar wanda zai zauna kusa da shi ya bayyana masa, Allah kuwa ya aiko Filibus. Mu ma an aiko mana namu, waɗansu daga hayin teku, waɗansu daga Kudu da Filato da kudancin Kaduna, waɗansu kaburburansu suna ƙasar nan. Yawancinsu babu hotonsu a wannan littafi, amma Ubangijin girbi ya san su. Addu'ata ita ce, ran da jikokinmu za su yi bikin shekara ɗari, a samu wani tsoho ya tashi ya ce a ƙofar wannan majami'a ya koyi karatu.

Allah ya albarkaci ikilisiyarsa, ya ba ƙasarmu ta Zamfara salama. Amin.

Naku cikin hidimar Ubangiji.