Na'urorin kula da taya da nuna hanya a motocin kwana

A Amurka da ƙasashen Turai, iyalai da dama kan tafi hutu a cikin manyan motoci masu ɗakin kwana da madafi da bayi, waɗanda Amurkawa ke kira RV. Wasu tuƙa su ake yi, wasu kuma tirela ce da mota ke ja.

Girman waɗannan motoci da nauyinsu na janyo haɗurra iri biyu: fashewar taya, da kuma bin hanyar da ba ta dace da su ba.

Dokar iskar taya

A shekarar 2000 majalisar dokokin Amurka ta zartas da dokar TREAD, bayan haɗurran da aka danganta da tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer sun hallaka mutane fiye da ɗari.

Tun daga watan Satumban 2007, tilas ne sababbin motocin da nauyinsu bai wuce kilo 4,536 ba su kasance da na'urar da ke gargaɗin direba idan iskar taya ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Tarayyar Turai ma ta tilasta hakan ga dukkan sababbin ƙananan motoci daga Nuwamban 2014.

Sai dai dokar Amurkan ba ta shafi tireloli da manyan motocin kwana ba, don haka masu su ne ke sayen na'urar da kansu.

Wace iri za a zaɓa?

Tayar da iskarta ta yi ƙasa takan yi zafi a kan gudu har ta fashe, kuma mai jan tirela ba lallai ne ya ji alamar hakan ba. Saboda haka an fi son na'urar da ke auna iska da zafi gaba ɗaya.

Akwai wadda ake murɗawa a bakin da ake buga iska. Tana da sauƙin sakawa da sauya batir, amma ta fi dacewa da baki na ƙarfe, domin nauyinta na iya lalata na roba. Akwai kuma wadda ake ɗaurawa a cikin taya, wadda ɓarawo ba ya kai wa gare ta, sai dai dole a kwance tayar kafin a saka ta.

Idan tirelar doguwa ce, akan ƙara na'urar ƙarfafa sigina domin saƙo ya isa gaban direba.

Nuna hanya

Tsayin wasu motocin kwana kan kai mita huɗu, alhali manhajojin taswira na wayar salula ƙananan motoci aka fi yi dominsu.

Wata gadar jirgin ƙasa a birnin Durham na jihar North Carolina, wadda tsayinta bai wuce ƙafa 11 da inci 8 ba, ta yi suna wajen yanke rufin manyan motoci, har sai da aka ɗaga ta a 2019.

Kamfanoni irin su Garmin na ƙera na'urorin GPS da direba zai shigar da tsayi da tsawo da nauyin motarsa, su kauce masa gajerun gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da aka taƙaita shiga da tukunyar gas, kamar na birnin Baltimore.

Duk da haka, na'ura ba ta ɗauke wa direba nauyin auna iskar tayoyi da sanyin safiya kafin tafiya ba, haka nan karanta allunan gefen hanya.