BOB PAUL: ƊAN SANDAN DA YA KARƁI KUJERARSA A KOTU

Da yawanmu mun tashi muna kallon fim ɗin kaboyi, inda bindiga ce ke raba kowace gardama. To amma tarihin Amurka na ainihi ya fi haka faɗi, kamar yadda za mu gani a rayuwar Robert Paul, wanda aka fi sani da Bob Paul.

A can, kusan kowace gunduma tana da shugaban 'yan sanda da ake kira sherif, kuma galibi jama'a ne ke zaɓensa. Shi kuwa mashal, shugaban ƙasa ne ke naɗa shi don ya zartar da umarnin kotunan tarayya.

An haifi Paul a garin Lowell na jihar Massachusetts a 1830. Tun yana yaro ya shiga aikin jirgin ruwa, daga bisani neman zinariya ya kai shi Kalifoniya, har ya zama sherif na gundumar Calaveras. Bayan nan ya koma kamfanin Wells Fargo yana gadin kekunan doki masu ɗaukar dukiya, aikin da ya kai shi yankin Arizona.

A Nuwamba 1880 ya tsaya takarar sherif na gundumar Pima, ya kara da mai riƙe da kujerar, Charles Shibell. Da aka ƙirga ƙuri'u sai aka ce Shibell ya ci. Amma a rumfar San Simon, ƙauyen da masu zaɓensa ba su taka kara sun karya ba, Shibell ya tashi da ƙuri'u 103, Paul kuma ɗaya tak. Duk da haka Paul bai tara magoya baya don tayar da fitina ba. Kotu ya nufa. Alƙali ya soke ƙuri'un rumfar, Shibell ya ɗaukaka ƙara, ya sake faɗuwa.

Ana cikin shari'ar, Paul ya ci gaba da aikinsa na gadi. Ranar 15 ga Maris 1881 'yan fashi suka tare kekensa tsakanin Tombstone da Benson, suka kashe direba, Bud Philpot, da fasinja guda. Paul ya mayar da wuta, ya shawo kan dawakin da suka firgita, dukiyar ta tsira. A watan Afrilu ya hau kujerarsa, ya riƙe ta har 1886.

Gwaji mafi wuya ya zo masa a 1882, lokacin da aka zargi abokinsa Wyatt Earp da mutanensa da kashe Frank Stilwell a Tucson. Paul ya ɗauki takardun sammaci har jihar Colorado, sai dai gwamnan jihar ya ƙi miƙa su.

A 1890 Shugaba Benjamin Harrison ya naɗa shi mashal na yankin Arizona baki ɗaya, ya yi aiki har 1893. Ya rasu a Tucson a 1901.

Jama'a, jarumtakar Paul ta ranar fashi ba abin rainawa ba ce. Amma wata biyar ɗin da ya yi yana jiran hukunci, alhali ya san an cuce shi, su ne abin da ya kamata mu riƙa ba 'ya'yanmu labari. Hausawa dai sun ce mahaƙurci mawadaci. Allah ya ba mu shugabanni masu mutunta doka, amin.