Taba, Wiwi da Tsohon Ma'aunin Maye a Ƙasar Gobir

Taba ba baƙuwa ba ce a fadamun Rima da Bunsuru, daga Isa har Sabon Birni. Ana noma ta da rani, a shanya ganyen, a daka shi da kanwa, dattijo ya ɗura a leɓe, mata kuma a da su goge haƙora da furenta haɗe da goro. Daɗewar zama ta sa wasu ke zaton tare da gero aka gaje ta, alhali tsiron nahiyar Amurka ce, kuma sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta iso Afirka ta Yamma. Ke nan ranar da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808 taba ta riga ta yi sama da shekara 200 a hannun fatake, kuma lokacin da Ɗan Halima ya rabu da Gobirawan Tsibiri ya kafa Sabon Birni, ta zama hajar kowace kasuwa. Bature Barth da ya ratsa Katsina a 1853 sai da ya yi guzurinta, domin tabar Katsina tana da daraja har Tambutu.

Malamai ba su bar ta ta shigo salin-alin ba. Ahmad Baba na Tambutu, wanda sojan Maroko suka kwashe zuwa Marrakesh, ya yi rubutu a kanta wajen 1607 ya halatta ta, haka ma Ali al-Ajhuri na Masar. Muhammad al-Wali, malamin Fulani na Bagarmi, ya mayar da martani ya haramta ta. Shehu Ahmadu na Masina ya hana shan ta a daularsa, ɗariƙar Tijjaniyya kuma ta hana almajiranta. Sai dai ginshiƙin gardamar tambaya ɗaya ce: tana gusar da hankali kamar giya? An yi maganar wari da almubazzaranci da cutar da jiki, amma ba wanda ke da hujjar cutarwar a hannu. Da yake mai shan taba yana tashi ya yi sallarsa da cinikinsa garau, sai ta tsallake siraɗi a idon jama'a. A ganina nan ne aka yi kuskuren da har yau muke biyan bashinsa, domin an auna ta da maye, alhali ɓarnarta a huhu da zuciya take.

Hujjar ta zo a makare. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka nuna daga asibitocin Landan cewa masu ciwon dajin huhu kusan duk mashaya sigari ne. Shekara tara bayan haka, a 1959, kamfanin taba na Najeriya ya buɗe masana'anta a Zariya, daga baya kuma Maraɗi ta zama zangon sigarin ƙetare da ake fasa-ƙwaurinsa zuwa cikin Najeriya. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, ta hanyar ciwon daji, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da cutar huhu.

Za a ce ai kakanninmu sun sha taba gari sun kai shekara casa'in. Gaskiya ne, amma waɗanda suka rayu ake gani, wanda tari ko gyambon baki ya ɗauke yana ɗan hamsin ba a rubuta sababinsa a ko'ina ba. Kuma kanwar nan da ake zubawa ba don ɗanɗano kaɗai ba ce: ita ke sa nikotin ya ratsa fatar baki da sauri ya shiga jini, shi ya sa mai ɗurawa ba ya iya yini babu ita. Masu binciken ciwon daji sun daɗe da sanya tabar da ba a kunnawa cikin abubuwan da ke haddasa dajin baki.

Wiwi kuwa, da yake mayenta a fili yake, nan take aka yanke mata hukunci. Ana danganta yaɗuwarta da sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta kai ga hukuncin kisa a kan mai noma ta, aka sassauta a 1975, aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989. Duk da haka binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shan ta da miliyan 10.6. Tsananin doka bai hana ba. Illarta kuwa ba ƙage ba ce: yaron da ya fara da wuri ya yawaita yana cikin haɗarin taɓin hankali mai ɗorewa, irin wanda ke kai iyali asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, banda hayaƙin da ke cin huhu. Masu cewa ai magani ce suna da ɗan abin kamawa. Amurka ta amince da dronabinol a 1985 don tashin zuciyar masu karɓar maganin daji, ta amince da Epidiolex a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Amma waɗannan sinadarai ne tatattu da likita ke auna wa ƙayyadadden majiyyaci, Epidiolex ma ba ya sa maye. Ƙullin da ake naɗewa a bayan tasha ba wanda ya san ƙarfinsa.

Yanzu ga sigarin lantarki, wanda Hon Lik na ƙasar Sin ya ƙirƙira a 2003, yana neman shiga ta ƙofar da taba ta bi: ba maye, ba wari, sai ƙamshin alewa. An ce ya fi sigari sauƙin illa, kuma ga babban da ya kasa daina sigari maganar tana da tushe, tunda ba a ƙona ganye. Ga yaron da bai taɓa shan komai ba kuwa, nikotin ɗin nan ne dai ke kama shi, yana ƙara bugun zuciya da hawan jini, a shekarun da ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa ba.

Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, amma mai tebur bai ji an hana ba. Hakimai da limaman Isa da Sabon Birni, da shugabannin kasuwa, su ne ke da bakin da za a ji. In sun tashi wa'azin wiwi da ƙwaya, su haɗa da taba, su kuma hana aiken yara sayen sigari.