Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023: abin da ta bai wa ɗan Najeriya da inda ta tsaya

A ranar 12 ga Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu kan Dokar Kare Bayanan Sirri ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC domin sa ido kan yadda kamfanoni da ma'aikatun gwamnati ke tattarawa da sarrafa bayanan jama'a. Kafin nan, abin da ake dogaro da shi shi ne sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da hirarsu ta waya, sai kuma ƙa'idojin da hukumar NITDA ta fitar a 2019, waɗanda ba su da ƙarfin dokar majalisa.

Buƙatar dokar ta fito fili ne bayan Disambar 2020, lokacin da gwamnati ta umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Daga nan suna da adireshi da hoton fuska da zanen yatsu da lambar waya suka ɗauru da lamba guda, ta yadda duk wanda ya samu lambar ya kusanci sauran. A daidai wannan lokaci ne manhajojin ba da rance suka yawaita, suna kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi, in ya yi jinkirin biya su aika wa danginsa da abokan aikinsa saƙon tozarci. A 2021 NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 kan irin wannan.

Dokar ta bai wa mutum 'yancin sanin bayanansa da wani ke riƙe da su da dalilin riƙewar, da neman a gyara kuskure ko a goge su, da janye amincewar da ya bayar a baya. Yana iya hana a yi amfani da lambarsa wajen turo masa talla, yana kuma iya ƙin amincewa da muhimmin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa ba tare da ɗan Adam ya duba ba. Idan aka yi kutse a rumbun kamfani har bayanan jama'a suka shiga haɗari, wajibi ne ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

An fara ganin haƙoran dokar a kan kamfanoni. A 2024 NDPC ta ci tarar bankin Fidelity naira miliyan 555.8, ko da yake bankin ya musanta laifin. A 2025 ta ɗora wa MultiChoice sama da naira miliyan 766, ta kuma ci Meta, mai Facebook da Instagram, dala miliyan 32.8, shari'ar da ta ƙare da sulhu.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayanan da ke hannun gwamnati. Dokar ta sassauta yawancin sharuɗɗanta ga hukumomin da ke binciken laifi ko aikin tsaron ƙasa, kuma kalmar tsaro faɗi gare ta, musamman ga ɗan jarida ko mai zanga-zanga da ake iya bin sawunsa ta layin waya. Shugaban ƙasa ne kuma ke naɗa kwamishinan hukumar, abin da ya sa 'yancinta na hukunta ma'aikatar gwamnati ya zama abin tambaya. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo wani shafin intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane kan naira 100 kacal, har ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani don kafa hujja. Hukumar NIMC ta ce ba a kutsa rumbunta ba.

Wanda aka keta wa sirri yana da hanya biyu: ya kai ƙorafi ga NDPC ta bincika, ko ya shigar da ƙara kotu ya nemi diyya. Amma dokar ba ta shafi abin da mutum ke yi da bayanai don harkar kansa ko ta gidansa ba, muddin bai keta sirrin wani ba, kuma ta yi rangwame ga aikin jarida da aka yi don amfanin jama'a.