Dokin Ƙarfe da Karyewar Ƙafa: Tarihin Neman Kayan Keke a Birnin Zazzau

Wanda ya shigo birni ta Ƙofar Doka da sassafe ba zai rasa ganin dattijo a kan tsohon keken Raleigh ba, wanda mutanenmu ke kira Rali, ya ɗauro itace ko buhun masara a baya. Keken nan yakan girmi jikokin mai shi. Taya da sarƙa da birki duk ana samunsu a kasuwa. Ranar da fok ya lanƙwashe, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba, ranar ake sanin cewa kowane keke yana da asali, kuma asalin ne ke yanke hukuncin ko zai sake hawa hanya.

Hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911, ita ce ta sauƙaƙa shigo da kayan Turai zuwa kantunan Sabon Gari. Kuɗin auduga da gyaɗa kuma suka ba manomi ikon saye. Keke ya zama abin alfahari ga malamin makaranta da ma'aikacin En'e, har aka yi masa laƙabi da dokin ƙarfe a ƙasar da ta san darajar doki. Raleigh, kamfanin da Frank Bowden ya gina a Nottingham ta Ingila, shi ya mamaye kasuwa, daga baya ma aka kafa masana'antarsa a Kano.

A nan matsalar ta samo tushe. A wuyan fok akwai haƙoran da ake murɗa noti a kai. Yawancin masu ƙera keke a Ingila suna yanka haƙora 24 a kowane inci, amma Raleigh na Nottingham yana yanka 26. Ido ba ya rabe su. Notin wani kamfani zai fara shiga lafiya, sai ya cije, in aka tilasta shi ya cinye haƙoran. Muddin kayan asali na zuwa, babu wanda ya damu. Da darajar naira ta faɗi bayan shirin SAP na 1986, kayan Ingila suka fi ƙarfin talaka, Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka cike gurbi. A 2002 kuma Raleigh ya daina haɗa keke a Nottingham. Tun daga nan mai tsohon Rali ya koma dogaro da gawar wani Ralin: mai gyara ya ciro fok daga mataccen keke ya ɗora wa mai rai, ko ya miƙe lanƙwasasshen, ko ya kai wa mai walda.

Sai ga zamanin kekunan gwanjo daga Turai, masu fok mai shokazoba, fasahar da kamfanin RockShox na Amurka ya yaɗa a farkon shekarun 1990. Da yawa daga cikin irin na farko roba ce a cikinsu maimakon sifirin, kuma roba tana bushewa ko ta narke in ta tsufa, balle a zafinmu da ƙurar hunturu. Kaurin wuyan ma ya bambanta, wani inci 1, wani inci 1 da ɗaya bisa takwas. Saboda haka dabarar da ta fi dacewa ita ce a cire fok ɗin gaba ɗaya a sa sandararre wanda ya yi daidai da wuyan, a haƙura da laushi a tsira da lafiya.

Maganar ba ta masu sha'awar tsofaffin kaya ba ce kawai. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da dama sun kakkaɓe kekunan da suka jingine a zaure. Fok da aka yi wa walda ta ganganci yana iya karyewa a tsakiyar titi, mahayi ya kifa da fuska. Masu iya rabe haƙora 24 da 26 da taɓin yatsa kuwa tsufa suke yi, yaransu sun koma gyaran babur. In za ka kai tsohon keke gyara, tafi da fok ɗin da notinsa, ka nemi dattijon cikin masu gyara, ka kuma bar shi ya auna kafin ya murɗa.