Ɗaurin Ƙwararrun 'Yan Wasa a Gidan Yari

Ƙwararren ɗan wasa shi ne wanda wasa ya zame masa sana'a, da ita yake ci yake sha. Irin wannan mutum yana ƙarƙashin hukunci iri biyu. Akwai na hukumar wasan da yake yi, wadda iyakar ƙarfinta ta ci shi tara, ta dakatar da shi, ta ƙwace lambar yabonsa ko ta kore shi har abada. Akwai kuma na kotun ƙasa, kuma ita kaɗai ke da ikon kai shi gidan yari. Wannan maƙala ta shafi waɗanda maganarsu ta wuce hannun hukumar wasa, ta kai gaban alƙali, aka same su da laifi.

A gidajen kallon ƙwallo na Gusau, Tsafe, Bungudu har zuwa Kekun Waje, inda ake bin labarin 'yan wasan Turai kamar na 'yan gida, akan haɗa abubuwa daban-daban a ce "an ɗaure wane". A shari'a kuwa, zargi daban, tsarewa kafin hukunci daban, yanke hukunci daban, shiga gidan yarin ma daban. A 2016 wata kotu a Sifaniya ta yanke wa Lionel Messi ɗaurin wata 21 kan ƙin biyan haraji, amma bai kwana ko sau ɗaya a kurkuku ba, domin a can wanda aka yanke wa ƙasa da shekara biyu a laifinsa na farko, in ba na zubar da jini ba ne, ba kasafai ake rufe shi ba. Daga baya aka mayar da hukuncin tara. Cristiano Ronaldo ma ɗaurin je-ka-gyara-halinka ya samu a 2019, tare da biyan Yuro miliyan 18.8.

'Yan gidan Etuhu

Misalin da ya fi kusa da ƙasar Hausa shi ne na wasu 'yan'uwa biyu haifaffun Kano da suka tashi a kudancin Landan: Dickson Etuhu, wanda aka haifa a 1982, da ƙanensa Kelvin, na 1988. Dukansu a makarantar horon matasa ta Manchester City suka koyi ƙwallo. Watan Mayun 2010 shi ne ƙololuwar gidan. Dickson ya buga wa Fulham wasan ƙarshe na kofin Europa a Hamburg, inda Atletico Madrid ta ci su 2 da 1. Kwana goma bayan haka Kelvin, wanda City ta ba Cardiff aro, ya shiga fili a Wembley a wasan neman hawa gasar Firimiya, Blackpool ta ci su 3 da 2. A watan Yuni kuma Dickson yana cikin tawagar Super Eagles a Gasar Cin Kofin Duniya ta Afirka ta Kudu.

Lokacin da Kelvin ke taka leda a Wembley, akwai magana a kansa. A watan Fabrairun 2010 rikici ya kaure a ƙofar wani gidan caca a Manchester, ya doki wani mutum har ya karya masa muƙamuƙi. A watan Maris na 2011 kotu ta yanke masa ɗaurin wata takwas, yana ɗan shekara 22, Manchester City kuma ta sallame shi. Ɗaurin bai kashe sana'arsa ba, amma ya sauko da ita ƙasa. Portsmouth ta ɗauke shi a farkon 2012, daga nan ya koma Barnsley, sai Bury, sai Carlisle United, duk a ƙananan rukunonin Ingila. Bai sake buga gasar Firimiya ba.

Shari'ar yayansa wata iri ce dabam. Dickson ya ƙare manyan wasanninsa a kulob ɗin AIK na Suwidin. A watan Mayun 2017 aka ɗage wasan IFK Göteborg da AIK, bayan mai tsaron ragar AIK, Kyriakos Stamatopoulos, ya kai rahoton cewa an yi masa tayin kuɗi masu yawa don ya saki wasan. Aka gurfanar da Dickson da wani tsohon ɗan wasa. Kotun farko ta wanke su a ƙarshen 2018, amma a Nuwamban 2019 kotun ɗaukaka ƙara a Stockholm ta ce abin da aka faɗa wa golan tayin cin hanci ne ƙarara, ta same su da laifi. Hukuncin Dickson tara ce da ɗaurin je-ka-gyara-halinka. A 2020 hukumar ƙwallon Suwidin ta ƙara masa da dakatarwar shekara biyar. Wato ƙanen da ya yi laifi a bakin titi ya shiga kurkuku, yayan da laifinsa ya taɓa zuciyar wasan kansa bai shiga ba.

Laifi a cikin fili

Doka a yawancin ƙasashe tana ɗauka cewa wanda ya shiga fili ya yarda da abin da wasan ya gada. Ɗan damben da ya ɗaure hannu ya fito dandali a Gusau ya san naushi ya zo sha, kuma in an kai shi ƙasa ba ya zuwa kotu. Haka ƙwallo. A ranar 17 ga Yunin 2010, a Bloemfontein, Sani Kaita ɗan Kano ya kai wa Vasilis Torosidis na Girka hauri bayan ƙwallo ta fita. Alƙalin wasa ya ba shi jan kati, Najeriya da ke gaba da ci ɗaya ta ƙare da shan kashi 2 da 1. Kaita ya sha zagi da barazana, amma maganar ba ta wuce dokar wasa ba. Yawancin irin waɗannan a nan suke tsayawa.

Kaɗan ne suka tsallaka. A watan Afrilun 1994 Duncan Ferguson na Rangers ya yi wa John McStay na Raith Rovers karo da ka a filin Ibrox. Alƙalin wasa bai ba shi ko katin gargaɗi ba, amma masu gabatar da ƙara suka ɗauki maganar. Da yake yana da tarihin hukunce-hukuncen duka a baya, aka yanke masa wata uku a 1995, ya yi kwana 44 a kurkukun Barlinnie da ke Glasgow, a lokacin ya riga ya koma Everton. A 1995 ɗin ce Eric Cantona ya tsallake allon talla ya hauri wani ɗan kallo a Selhurst Park. An yanke masa mako biyu, ya ɗaukaka ƙara, aka mayar da shi aikin al'umma na awa 120.

Mafi muni shi ne na damben zamani a New York a 1983. Kafin karawar Luis Resto da Billy Collins, mai horar da Resto, Panama Lewis, ya zare wani ɓangare na laushin da ke cikin safar hannun yaronsa. Collins ya sha duka zagaye goma, idonsa ya lalace, bai ƙara dambe ba. A 1986 aka ɗaure Resto da Lewis. Collins ya yarda da naushi, bai yarda da makami ba.

A Zamfara, inda dokar laifuffuka ta Shari'ar Musulunci ta fara aiki a Janairun 2000, raunata mutum yana shiga babin ƙisasi da diyya ne, kuma wanda aka raunata yana da ta cewa: ya nemi haƙƙinsa, ya karɓi diyya ko ya yafe. A Birtaniya ƙarar ta hukuma ce, tana iya ci gaba ko da wanda aka doka bai nema ba.

Sayar da wasa da ƙwayoyi

A nan ne bambancin ƙasa da ƙasa ya fi fitowa. A watan Yulin 2013, a Bauchi, ƙungiyoyi biyu da ke neman hawa rukuni na gaba suka ci wasanninsu da sakamakon da hankali ba ya ɗauka: Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema. Kafin hutun rabin lokaci cin bai wuce 7 da nema a wasa ɗaya da 6 da nema a ɗayan ba, sauran duk a zagaye na biyu aka zura su. Hukumar NFF ta haramta wa 'yan wasan da jami'an ƙwallo har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma. A 2018 aka nuna Salisu Yusuf, tsohon kocin Kano Pillars kuma mai horar da Super Eagles ta 'yan wasan gida, yana karɓar dala 1,000 daga 'yan jaridar Anas Aremeyaw Anas da suka yi shigar dillalan 'yan wasa. Ya ce kyauta ce, ba ta shafi zaɓen 'yan wasa ba. NFF ta dakatar da shi shekara ɗaya da tarar dala 5,000. Samson Siasia kuwa FIFA ce ta haramta masa ƙwallo har abada a 2019, kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta rage zuwa shekara biyar a 2021. Duk waɗannan hukunce-hukuncen gida ne na wasa. A Najeriya irin wannan magana a teburin kwamiti take ƙarewa, kuma wannan rauni ne, domin wanda aka cuta ba hukuma kaɗai ba ce, har da mai sayen tikiti.

A wasu wuraren ba haka ba ne. A 2010 wata jarida a Ingila ta kama wani dillali yana shirya wa 'yan wasan kurket na Pakistan kurakuran ganganci a filin Lord's, don amfanin masu caca. A Nuwamban 2011 kotu a Landan ta ɗaure kyaftin Salman Butt wata 30, Mohammad Asif shekara ɗaya, Mohammad Amir wata shida. A Chaina, Li Tie, tsohon ɗan wasan Everton wanda ya horar da tawagar ƙasarsa, ya samu shekara 20 a Disamban 2024 kan bayarwa da karɓar cin hanci.

Shan ƙwayoyin ƙara kuzari shi kaɗai ba ya yawan kai mutum kurkuku. Marion Jones ta Amurka ta rasa lambobi biyar da ta ci a Olamfik na Sydney a 2000, amma wata shidan da aka yanke mata a 2008 na ƙaryar da ta yi wa masu binciken gwamnati ne.

Manyan laifuffuka

Ɗauri mai tsawo kusan kullum daga wajen fili yake zuwa, kuma sau da yawa mace ce aka zalunta. A 1992 aka yanke wa Mike Tyson shekara shida kan fyaɗe a Indianapolis, ya fito a 1995. Bruno, golan Flamengo, ya samu fiye da shekara 22 a 2013 kan sawa a kashe uwar ɗansa. Robinho, wanda ya buga wa Real Madrid, Manchester City da AC Milan, kotun Italiya ta yanke masa shekara tara kan fyaɗen taron dangi. Da yake Birazil ba ta miƙa 'yan ƙasarta, sai a Maris na 2024 ta amince ya yi zaman a gida, aka rufe shi.

Shari'ar Oscar Pistorius ta nuna yadda hukunci ke sauyawa daga kotu zuwa kotu. Ɗan tseren Afirka ta Kudu mai ƙafafun roba ya harbe budurwarsa Reeva Steenkamp ta bayan ƙofar banɗaki a gidansa na Pretoria ranar 14 ga Fabrairun 2013, ya ce ya zaci ɓarawo ne. A 2014 aka ce kisan kuskure ne, shekara biyar. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce kisan kai ne. A 2016 aka ba shi shida, a 2017 aka ƙara zuwa shekara 13 da wata biyar. An sake shi bisa sharaɗi a Janairun 2024. O. J. Simpson, wanda aka wanke daga zargin kisa a 1995, fashi da makami a Las Vegas ne ya kai shi kurkuku a 2008, ya yi shekara tara daga cikin 33.

Hukuncin da aka soke

Ba duk wanda aka ɗaure ne hukuncinsa ya tabbata ba. Rubin Carter, ɗan damben Amurka, ya yi kusan shekara 20 a tsare kan kisan mutum uku kafin wani alƙalin tarayya ya soke hukuncin a 1985, bisa hujjar cewa wariyar launin fata ta gurɓata shari'ar. Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya riƙe kambun masu nauyi na duniya, an same shi da laifi a 1913 saboda tafiya da wata Baturiya daga jiha zuwa jiha. Afuwarsa ba ta zo ba sai 2018, shekara 72 bayan rasuwarsa. Muhammad Ali an yanke masa shekara biyar a 1967 don ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam. Bai shiga kurkuku ba, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 1971, amma ya rasa fiye da shekara uku na ganiyar ƙarfinsa. Dani Alves ma, wanda aka yanke wa shekara huɗu da rabi a Barcelona a 2024, kotun sama ta wanke shi a Maris na 2025.

Bayan fitowa

Komawa fili ya dogara ne da abu uku: irin laifin, shekarun mutum, da ko har yanzu akwai mai bukatarsa. Tony Adams ya yi kusan wata biyu a rufe daga ƙarshen 1990 kan tuƙi cikin maye, ya dawo ya ci gaba da riƙe kambun Arsenal, daga baya ya kafa cibiyar Sporting Chance don taimakon 'yan wasan da giya ko caca ta kama. Troy Deeney ya fito daga kurkuku a 2012, daga baya ya zama kyaftin ɗin Watford. Tyson ya sake cin kambun duniya a 1996. Mohammad Amir ya koma tawagar Pakistan a 2016 bayan dakatarwar shekara biyar.

Inda laifin ya shafi fyaɗe ko yara, ƙofa takan rufe, kuma yawanci masu zuba kuɗin talla da magoya baya ne ke rufe ta, ba doka ba. Santos ta sa hannu da Robinho a 2020, kamfanonin da ke tallafa mata suka yi barazanar janyewa, aka jingine kwantiragin cikin mako guda. Adam Johnson, tsohon ɗan wasan Ingila da Sunderland, wanda aka ɗaure shekara shida a 2016 kan lalata da yarinya 'yar shekara 15, ya fito a 2019 yana da shekara 31, ba kulob ɗin da ya ɗauke shi.